An bar jaki ana dukan taiki a gajerun fina-finan "ashe mai kuɗi ne"

Minti uku ne fim ɗin, ko ma bai kai ba. Wani saurayi ya shigo shagon shadda da turare, irin na Wuse II ɗin nan masu ƙofar gilashi, da silifa a ƙafa, riga ta yage a kafaɗa. Yarinyar shago ta dube shi sama da ƙasa ta taɓe baki.

"Malam, ba a bara a nan."

"Baiwar Allah, kuɗin wannan shaddar nake tambaya."

"Ko an haɗa ka da danginka an sayar ba za a tada kuɗin yadi ɗaya ba. Maigadi! Zo ka fitar min da shi."

Ana cikin ingiza ƙeyarsa sai ga baƙar jif ta tsaya. Manaja ya fito a guje yana gyara hula: "Ranka ya daɗe, ai ba a gaya mana kana tafe ba." Ashe shi ne mai ginin gaba ɗaya. Yarinya ta zube tana kuka, aka ce ta ajiye makulli ta kama gabanta. Sai rubutu ya fito a allo: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shi ke yawo a wayoyin mutanen Abuja 'yan kwanakin nan, kuma 'yan uwansa ba sa ƙirguwa. Yau maigadi ne mai kamfanin, gobe ɗan acaɓa ne ɗan gwamna, jibi 'yar aiki ce magajiyar gidan. Masu kallo kuwa bakinsu ɗaya: "Allah ya ƙara," "maganinta ke nan."

Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda ake kiran wannan faɗakarwa. A ganina gindin zama waɗannan fina-finai ke ƙara wa raina talaka. In ka tace darasinsu, abin da zai rage shi ne: ka tabbatar mutum ba shi da kuɗi kafin ka wulaƙanta shi. Wanda kuma ake hukuntawa a ƙarshe, kusan kullum, talaka ne.

Yadda ake ƙera shi

Salon ba namu ba ne. A Sin ya bunƙasa, sannan manhajoji irin su ReelShort, wadda ta fito a 2022, da DramaBox suka kai shi Amurka da sauran duniya. A can labari ɗaya akan yanka shi kashi sittin ko fiye, kowane kashi minti ɗaya zuwa biyu. Na farko-farko kyauta ne. Daidai inda aka gama cin mutuncin jarumi, bai kai ga ramawa ba, sai a kulle a ce ka biya. Haushinka ake sayar maka.

Namu na gida ba su da kulle, yawan kallo ne kuɗinsu. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Facebook kuwa a 2024 ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi da bidiyonsu. Abin da ake aunawa a ko'ina ɗaya ne: mutum nawa suka tsaya, kuma har ina suka kai kafin su ja yatsa su wuce.

Shi ya sa ginin ba ya canzawa. Daƙiƙa uku zuwa biyar na farko zagi ne ko mari, ba sallama ba gabatarwa, don yatsa ya tsaya. Daga nan zuwa wajen minti biyu ana hawa da wulaƙancin, yawanci hawa uku: baƙar magana, sai taɓa jiki ko watsa ruwa, sai tara jama'a. Jarumi ba ya tankawa, sai dai a haska fuskarsa da ɗan murmushi don mai kallo ya san akwai wata a ƙasa. Sai juyi ya zo: waya ta yi ƙara, mota ta tsaya, wani ya rusuna. Daƙiƙa talatin na ƙarshe na durƙuso ne da kuka da kora. Duk maganar da ke ciki ba ta wuce shafi uku.

Ga kuma arha. 'Yan wasa uku ko huɗu, wuri ɗaya, kaya kala biyu na jarumi, motar aro ta awa guda. Waya mai kyau, ƙarfen riƙe ta, makirufo biyu na maƙalawa a wuyan riga, da daddare a haɗa a manhajar CapCut. In an kama gidan haya na kwana ɗaya a Gwarinpa, falo ya zama ofis, kicin ya zama ɗakin 'yar aiki, get ya zama ƙofar kamfani, a fitar da labari huɗu ko biyar kafin magariba.

Hoton kuma a tsaye yake, faɗi 9 tsawo 16. Mutum biyu da ƙyar suke shiga. Babu filin nuna unguwa, ko layin ɗibar ruwa, ko ɗakin da mutum ya kwana. Dole a ɗora matsayin kowa a jikinsa yadda za a karanta cikin ƙiftawar ido: silifa da tsumma a nan, gezna da agogo da makullin mota a can. Tun daga nan ƙaryar ke farawa.

Talakan bogi

Dubi "talakan" nasu da kyau. Da almakashi aka yanka rigarsa, bakin yagar a miƙe, alhali rigar da ta mutu don kanta a wuya da hammata da gwiwar hannu take fara saki, launinta ya koɗe. An shafa masa toka a fuska, amma askinsa na jiya ne har da gyaran fuska. Dugadugansa sumul, babu faso ko ɗaya. Wani lokaci har sawun agogo kana gani a hannunsa.

Wannan duk ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne talakan Abuja ba ya shiga shago da tsumma. Wanda ya taso daga Mararaba ko Dei-Dei ko Mpape zai shiga gari, kayan Juma'arsa yake sawa, an goge su da dutsen guga na gawayi, hula an wanke an kafa. Talauci a wurinmu abin ɓoyewa ne, ba banza muke roƙon rufin asiri ba. Duk da haka tun a bakin ƙofa ake gane shi. Takalminsa ya sha ƙura don daga bakin titi ya tako. Gilashin wayarsa ya tsage. Yana tambayar kuɗin abu kafin ya taɓa. Yana tsayawa sallama a inda wasu ke kutsa kai.

Ba kuma a ce masa "fita". Wulaƙancin garin nan ba ya ɗaga murya. Sallama ce da ba a amsa ba. "Jira a can" ne, a nuna maka benci a rana, wanda ya zo bayanka ya wuce ciki. Direba ne da ya kai iyalin gida biki a Maitama, ya yi awa biyar a mota, ba wanda ya tuna ya aika masa ko ruwa. Kofin roba ne da aka ware wa maigadi a bayan tagar kicin. "Aboki" ne, kalmarmu ta zumunci, da aka mayar sunan duk Bahaushen da ke turin ruwa ko gyaran takalmi, a kira shi da ita ba tare da an kalli fuskarsa ba. Wani ma ba mutum ɗaya ke yin sa ba, tsarin garin ne: tun 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni, a rukunin gidaje da yawa kuma ba ka wuce get sai na ciki ya ce a bar ka.

Fim ɗin da ya mayar da raini ihu da watsa ruwa ya wanke duk waɗannan tas. Hajiyar da ta ware kofi za ta kalla ta ce, "Kai, wasu dai ba su da imani," ta tura wa ƙawayenta, zuciyarta fes. Ita ai ba ta taɓa zagin kowa ba.

Wa ke shan dukan?

Mu koma kan yarinyar shago. A zahiri daga Nyanya ko Kubwa take fitowa tun da asuba don ta riga cunkoso. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, dokar kuma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato galibin shaguna ke nan. Kuɗin mota ya ci abin da ya ci tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. In kwalbar turare ta yi ƙafa, a albashinta za a cire. Ba ita ta kafa dokar wanda za a bari ya taɓa kaya da wanda za a sa wa ido ba. Manaja ne ya gaya mata, shi ma daga sama ya ji.

To a fim wa ya zube a ƙasa? Ita. Wa ya kore ta? Mai wurin, wanda a ƙarƙashin inuwarsa aka koya mata auna mutane da takalminsu. Shi ya fita tsaf, har shi ke wa'azi. Talakan ƙarya ya raba talakar gaske da abincinta, talakawa na tafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Ko korar ma ba haka take a doka ba. Dokar Ƙwadago ta tanadi wa'adin sanarwa in ba babban laifi aka yi ba: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku a aiki, mako biyu daga shekara biyu, wata guda daga shekara biyar. Amma fim bayan fim ana nuna wa masu kallo cewa oga na iya sallamar mutum da kalma ɗaya a gaban jama'a, kuma wai wannan ne adalci.

Ka lura kuma, a mafi yawansu mace ce mai rainin: budurwa, uwar budurwa, sakatariya, matar gida. Wanda ya fi ci min rai shi ne na gwajin soyayya. Saurayi ya yi wata shida yana ƙaryar shi ɗan ga-ruwa ne. Uwar yarinya ta tambayi sana'arsa da inda zai ajiye mata 'ya, sai a sa mata kiɗan mugaye. Tun yaushe tambayar ci da sha da muhalli ta zama kwaɗayi? Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar masu neman aurenta, ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya ce ta auri Usama. Bincike kafin aure haƙƙin iyaye ne. Wanda ya gina neman aure a kan yaudara shi ya kamata a tsare da tambaya, sai ga shi shi ne gwarzon fim.

"Ai wasa ne kawai"

Da masu yin sa sun tsaya a nan da babu magana. Su ne ke rufe kowane ɗaya da karin magana, wasu har da aya da hadisi. Wanda ya hau mumbari kuwa dole a auna huɗubarsa.

In an auna, ba ta dace da abin da suke jawowa ba. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Mutane aka ce, ba a gindaya sharaɗin abin da ke aljihunsu ba. Farkon Suratu Abasa a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya sauka, makaho da ya zo neman sani ana tsakiyar magana da manyan Ƙuraishawa. Bai rikiɗe ya zama attajiri a aya ta goma ba. Yadda ya zo haka ya koma, kuma a hakansa Allah ya saukar da ayoyi saboda shi.

"Yana sanyaya zuciyar talaka"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba na kuma raina ta. Wanda aka bari a benci da rana yana da haƙƙin ya ga mai girman kai ya durƙusa, ko da a cikin waya ne.

Amma a jikin wa yake ganin kansa? A jikin mutumin da jif ɗinsa ke jira a bayan kwana. Shi kuwa in ya ajiye waya babu jif, babu manajan da zai rusuna masa. Mutuncin da ya ga an dawo da shi na mai ginin ne, bai shafe shi ba. Kamar shan ruwan gishiri ne, ana sha ƙishi na ƙaruwa. Ba mamaki mutum ya kalli goma a jere har datarsa ta ƙare.

Wasu kuma na cewa ko tsoro ne ya hana mutum wulaƙanci ai an rage. Tsoron nan yana aiki ne muddin akwai shakka. Maigadin da ya shekara takwas a gida, an san ƙauyensu, an san albashinsa, wace shakka ta rage a kansa? Waɗanda aka fi wulaƙantawa su ne waɗanda aka fi sani.

"Tatsuniyoyinmu ma haka suke"

Ba haka suke ba. 'Yar Bora da gaske 'yar Bora ce: ita ke cin ƙanzo, ita ake aike rafi. Da ta haɗu da tsohuwa ta cuɗa mata baya, ba ta san akwai lada ba, halinta ne. Ta fara ba ta da komai, abin da ta samu kuma hali ne ya jawo mata. Jarumin waya kuwa bai taɓa rasa komai ba. Ya ari talauci na minti biyu kamar riga, ya kafa tarko, ya koma gefe yana jiran wanda zai faɗa.

Ko labarin babba ya ɓad da kama muna da namu. Sayyidina Umar ya zaga Madina da dare ya tarar da mace ta ɗora tukunya tana lallashin 'ya'yanta da yunwa ta hana barci. Ta yi ƙorafi da shi ba ta san shi ba ne. Bai ce a kamo ta ba. Ya koma ya saɓo buhun gari a bayansa. Laifin kansa ya fita nema. Na waya kuwa na ƙasa da shi ya fito kamawa.

"Kasuwa ce ke so"

Nan ne masu sana'ar ke fakewa, kuma akwai ƙamshin gaskiya: haushi yana tsayar da yatsa. Sai dai abin da ke riƙe mai kallo shi ne jiran ganin yadda reshe zai juye da mujiya, kuma ba jif kaɗai ke juya reshe ba. Jif ita ce hanyar raggon marubuci, don ba ta buƙatar a gina halin kowa.

Ga misalin yadda za a iya yi: a ɗauki gida ɗaya, 'yan wasa huɗu, babu mota. Daƙiƙa uku na farko: yaro ɗan shekara shida ya miƙa wa maigadi ruwa a kofin gilashi, hannun uwarsa ya shigo hoto ya fizge. Yatsa ya tsaya, ba a zagi kowa ba. Hawa na biyu: ta wanke kofin sau biyu, ta nuna wa yaro na roba a bayan taga, "Wancan ne nasa." Maigadi ya ji, ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Hawa na uku: surukarta da ta zo daga Zariya tana zaune a tsakar gida tana jan carbi, ta ce a ba ta ruwa. Kafin a kawo tire ta tashi ta ɗauko na roban, ta tara a famfo, ta zauna a ƙarshen bencin maigadi.

"Malam, sannu da aiki."

"Yawwa Hajiya, sannu da hutawa."

Matar gida ta fito da tire. "Inna, ga naki nan."

"Bar shi, 'yar nan. Wannan ma ruwa yake ɗauka."

Shi ke nan. Ba a kori kowa ba, maigadi yana nan maigadinsa, matar gida na tsaye da tire a hannu, ɗanta na kallonta. Hukuncinta kunya ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san kunyar gaban suruka ta fi mari zafi.

Irin wannan ya fi arha, amma ya fi wuyar ɗauka, kuma ga inda yake lalacewa. Shirun bayan maganar Inna shi ne fim ɗin. Yana buƙatar daƙiƙa huɗu ko biyar a fuskar matar gida, mai haɗa hoto kuwa hannunsa na ƙaiƙayi ya yanke ko ya cusa kiɗan tausayi. A hana shi. Shiru kuma ba ya ɗaukuwa in janareta na ruri ko na'urar sanyaya ɗaki na huci, don haka a kashe su, a naɗi sautin tsakar gidan shi kaɗai na rabin minti don cike gurbi wajen haɗawa. A ɗauki na bakin get kafin ƙarfe tara na safe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana jefa inuwar hula da mayafi a ido, alhali a ido wasan yake.

'Yan wasan da suka saba da ihu za su so zaro ido da dafe ƙirji. Matar gida ba muguwa ba ce a nata ganin, tsafta take yi, kuma haka za ta taka shi, in ba haka ba Hajiyar da ke kallo ba za ta ga kanta ba. Maigadi ma kada a mayar da shi waliyyi mai hawaye. A bar shi da gyangyaɗinsa da mitar albashi. Masu iya wasa da ido ba su ƙare ba, Jos kaɗai tana da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA. Kada kuma a liƙa karin magana a ƙarshe.

Kofin kuwa kada a sayo sabo a Kasuwar Wuse ranar ɗauka, yana ƙyalli a kyamara, nan take a gane na wasa ne. A nemi wanda rana ta cinye launinsa, bakinsa ya yi kaushi. Ba sai an je nesa ba, a leƙa bayan tagar kicin ɗin gidan da aka kama haya.